Ƙirjin Amarya, Kunnen Kolo

Lahadi, 22 ga Safar, da hantsi

Bismillahi. Tsohon littafi ya cika, ɗana Safiyanu ya sayo mini wannan a Haɗeja. Sabon littafi baƙo ne, sai an gaya masa gidan wa ya sauka. To gidan Kolo ne, masunci ɗan masunci. Ban yi boko ba. Wata uku na zauna ajin yaƙi da jahilci, da ɗan guzurin nan nake rubutu shekara arba'in da biyu: wanda aka haifa a garin nan, wanda aka kai tudu aka binne, da inda ruwa ya tsaya a jikin tsamiyar masallaci kowace damina.

Yau saura kamu uku ruwa ya taɓa alamar shekarar da masallaci ya faɗi.

Jikata Ummussalma tana tari. Watanta huɗu. Sunan marigayiya matata aka sa mata, shi ya sa ubanta Safiyanu ba ya iya kiran sunan, sai ya ce Ummi. Ni Amarya nake ce mata. Kullum ina gaya mata ta yi sauri ta girma, ango ya gaji da jiran tuwo.

Jiya uwarta Bushira ta kai ta allurar rigakafi ƙaramin asibitin bakin titi. Da safen nan ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa, ta ce wai malamar asibiti ta ɗora wa yarinyar wata na'ura a ƙirji, na'urar ta ce akwai fito a numfashinta.

Na ce, “Na'ura ce ta ce?”

Ta ce, “I, Baba.”

Na ce miƙo ta nan. Ubana ya koya mini in tsoma filafili a ruwa, in kafa kunne a ƙotarsa, in ji kukan kifi kurungu a ƙasan ruwa tun ba a jefa taru ba. Da wannan kunnen nake sauraron ƙirjin jariran garin nan tun ba a haifi malamar ba. Mata su kawo, in saurara, in ce sanyi ne ko ba sanyi ba ne. Ubanta ma da kunnen nan na saurare shi.

Na sa kunne. Zuciya na bugawa kamar gangar wani gari. Fito kam babu. Ban ji komai ba.

Talata, 24 ga Safar, bayan la'asar

Malamar ta zo har gida. Rahmatu sunanta, 'yar garin Malam Madori, ba ta kai Safiyanu shekaru ba. Taubashina Badaru ne ya ɗauko ta a kwalekwalensa, don ruwa ya yanke hanyar babur.

Badaru ya shigo yana ihu. “Kolo, sau uku na yi sallama!”

Na ce, “Muryarka ce ta tsufa, kamar haƙoranka.”

Ya ce, “Haƙorana sun san sun tafi. Wani abin ne ya tafi bai yi wa mai shi sallama ba.”

Badaru tun yana yaro bakinsa ya fi tarunsa faɗi.

Yarinyar tana da ladabi, wannan zan faɗa. Ta gaishe ni a tsugune. Ta ciro abin daga jaka, bai fi ƙwan agwagwa ba. Ta ɗora shi ƙasan wuyan Amarya, ta ce kowa ya yi shiru rabin minti. Wata 'yar wuta ta kawo ja. Ta juyo mini fuskar wayarta, wasu layuka kamar sawun iska a kan ruwa.

Ta ce, “Baba, duk inda layin nan ya miƙe, fito ne. Hanyar iskar jariri ba ta fi karan shinkafa ba. In ta kumbura, iska sai ta matsa kafin ta wuce.”

Na ce, “Wa ya koya wa abin nan sauraro?”

“An sa shi ya saurari ƙirjin jarirai dubbai, Baba.”

“Ya taɓa sauraron ɗan masunci?”

Ta yi murmushi. “Yau dai ya saurari jikar masunci.”

Na ce ƙwan agwagwa ba ya koya wa agwagwa iyo. Badaru ya yi dariya, ban san ko da ni yake ko da ita ba.

Da za ta fita ta tsaya a kan murhun banda. Tun da ruwa ya ci bakin gulbi inda nake banda, na dawo da murhun cikin gida, ƙarƙashin rumfar da ke jikin ɗakin Bushira. Ita kaɗai ce rumfar da ba ta yoyo. Malama ta dubi hayaƙin, ta dubi tagar ɗakin, ta ce, “Baba, don Allah a ɗauke wannan daga nan. Hayaƙin nan shi ne babban abokin gabarta.”

Na ce, “Da hayaƙin banda aka raini ubanta, ga shi nan ƙato.”

Ta bar wa Bushira magani. Ta ce in haƙarƙarinta ya fara lotsawa, ko ta ƙi nono, kada a tsaya wurinta ma, a wuce Haɗeja kai tsaye. Ta faɗa sau biyu. Na biyun ni take kallo, da ƙarfi, kamar mai magana da wanda ke waccan gaɓar.

Laraba, 25 ga Safar, azahar

Kifi ya shigo da sabon ruwa, tarwaɗa da karfasa har ba wurin zubawa. Wanda ya kashe wutar banda a irin wannan mako, ruɓa zai ci. Kuma ina zan kai murhun? Kan ruwa?

Na haƙo saiwar da ubana yake haƙowa, na yi wa Amarya hayaƙin ƙirji. Na lulluɓe ta da zane kaɗan, yadda ake yi. Ta yi kuka, ta yi tari, majina ta fito. Haka ake so. Bushira ta juya fuskarta bango har na gama.

Na sa kunne. Ban ji komai ba.

Juma'a, 27 ga Safar, bayan sallah

Liman ya fara cinye huɗuba a cikin gemu. Sai an gaya masa.

Tsuntsaye ma bana sun yi ƙaura. Da, da asuba ba ka jin maganar na kusa da kai saboda su a cikin ciyawar kacalla. Ina dai ganinsu suna tashi, amma bakinsu ya mutu. Wannan alama ce ta ruwa mai yawa. Na rubuta don na baya.

Saura kamu biyu.

Asabar, 28 ga Safar, da hantsi

Safiyanu ya tafi gonarmu ta wajen Auyo da babban kwalekwale, za su yanko abin da ya nuna na shinkafa kafin ruwa ya rufe kanta. Kwana biyar ko shida. Ya tsaya a ƙofar zaure yana murza hularsa.

Ya ce, “Baba, maganar Ummi.”

Na ce, “Me ya sami Ummi?”

Ya ce, “Babu komai.” Ya leƙa ciki ya ce wa matarsa, “Duk abin da Baba ya ce, shi ke nan.”

Ƙaramin kwalekwale na nan ɗaure a tsamiya. Filafilinsa a ɗakina yake kwana, tun zamanin ubana haka ne.

Lahadi, 29 ga Safar, magariba

Hayaƙi na biyu. Ta yi barci bayansa. Amarya ba ta yi mini dariya yau ba, fushin amare.

Litinin, 1 ga Rabi'ul Awwal, azahar

Bushira ta durƙusa a ƙofar ɗakina. Sai da ta maimaita sau uku, 'yar nan ba ta buɗe baki in tana magana.

“Baba, haƙarƙarin ya fara.”

Ta buɗe rigar yarinyar. Na ga abin da take nufi. Amma jariri in ya yi kuka haka cikinsa yake yi, kuma ido ba kunne ba ne. Ido ya sha ce mini ga kifi, in je in tarar da ganye.

Na sa kunne. Na daɗe. Na juya ta baya, na sake sawa. Ban ji komai ba.

Na ce ruwan tsakiya yana da ƙarfi yau, ƙaramin kwalekwale ba na jego ba ne. Gobe, in Allah ya kai mu. Ta ce, “To, Baba.” Ba ta tashi nan take ba.

In na kai ta Haɗeja bisa maganar ƙwan agwagwa, gobe wace mace za ta kawo mini ɗa? Ba wannan ne dalili ba. Ruwan ne.

Talata, 2 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Wai tun asuba ba ta kama nono ba. Yara sukan yi haka in haƙori na tahowa.

An yini ana ruwa. Na ce gobe.

Na sa kunne.

Laraba, 3 ga Rabi'ul Awwal, gari ya waye

Na dawo daga sallar asuba, filafili ba ya ɗakina.

Shekara uku Bushira na gidan nan, ƙafarta ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ruwan alwala ma a bakin ƙofa take ajiyewa. Ga sawunta nan a jiƙe, ɗaya shiga ɗaya fita, har gindin gado.

Igiya kaɗai na tarar a tsamiya. Matar Badaru ta ce mijinta ne ya tuƙa, nasa kwalekwalen ya tsage jiya. Ta ce Bushira ba ta roƙe shi ba, miƙa masa filafilin kawai ta yi, ta buɗe masa zanen goyo ya gani.

Ban share sawun ba. Ba ni da lokaci.

Laraba, magariba

Badaru ya dawo shi kaɗai. Ya jingina filafilin a zaure, bai yi mini tsiya ba. Na fi son ya yi.

Sun kai bakin titi, sun sami mota zuwa Haɗeja. An karɓe ta, an sa mata robar iska a hanci. An kira Safiyanu, ya bar shinkafar.

Alhamis, 4 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Na kashe wutar banda. Ba don kowa ba, itace ne ya jiƙe.

Juma'a, 5 ga Rabi'ul Awwal, bayan sallah

Safiyanu ya kira a wayar Badaru. Na kara a kunne, sai kamar sauro a cikin tulu. Wayoyin yanzu ba su da murya. Badaru ya karɓa ya riƙa faɗa mini: tana nan, ana yi, a yi addu'a.

Na ce, “Ya ce in zo?”

Badaru ya ce, “Bai ce kada ka zo ba.”

Saura kamu ɗaya. Kifin da ke rumfa ya fara wari.

Asabar, 6 ga Rabi'ul Awwal, Haɗeja, la'asar

Rabona da garin nan tun rasuwar mai sunanta. Ɗan adaidaita sahu ya yi ta yi mini magana, ni ina ta cewa i.

Tana kan gado mai shinge, ƙarama kamar an rage ta. Roba a hanci, roba a hannu, wani ɗan matsi a babban yatsan ƙafa da ke nuna lamba a allo. Safiyanu ya ce lambar tana faɗin yawan iskar da ta shiga jininta. In ta hau a ji daɗi, in ta sauka a kira likita. Shi da matarsa lambar suke kallo. Ya gaishe ni yadda ɗa ke gaida uba, bai rage komai ba, amma idonsa na kan lambar.

Likitan ya tambaya ko ana girki a ɗakin da take kwana. Bushira ta ce a'a. Ya tambaya yaushe haƙarƙarin ya fara. Ta ce Litinin. Ya ce, Laraba kuka zo? Ta ce, “Ruwa ne ya tare mu.”

Ina tsaye a wurin ta faɗi haka.

Na sunkuya na ce, “Amarya, ango ya zo, ba ko sannu?” Ta buɗe ido. Ta gan ni, na rantse ta gan ni. Ƙirjin na nan kusa, kamu ɗaya bai kai ba. Ban sa kunne ba.

Lahadi, 7 ga Rabi'ul Awwal, azahar

Ta sha nono cokali biyu. Lambar ta hau. Bushira ta ci abinci. Na fita bakin ƙofar asibiti na sayo 'yar hula ja ta saƙa, tana dawowa gida sanyin gulbi zai tare ta.

Litinin, 8 ga Rabi'ul Awwal, la'asar

Lambar.

Talata, 9 ga Rabi'ul Awwal, bayan azahar

Mun dawo. Ni na tuƙa daga bakin titi, ba wanda ya ce in ba shi filafili. Safiyanu ne ya riƙe ta.

Ruwa bai ci tudu ba. An samu wuri kusa da mai sunanta.

Laraba, 10 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Mutane na ta zuwa. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne. Ni ma na gaya wa mutane haka fiye da sau ɗari, yana cikin tsohon littafi.

Na buɗe shafin waɗanda aka kai tudu. Alƙalami ya ƙi.

Ruwa ya tsaya, saura yatsa huɗu ya taɓa alamar. Masallaci bai faɗi ba.

Juma'a, 12 ga Rabi'ul Awwal, bayan sallah

Mauludi. An aiko da abinci daga gidaje. Hular tana aljihuna.

Litinin, 15 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Malama Rahmatu ta zo gaisuwa. Na ɗauka za ta ce wani abu. Ta yi addu'a kawai, ta shiga wurin Bushira, ta daɗe. Da ta fito na tsayar da ita a zaure.

Na ce, “Abin nan naki, in ya saurara, yana mantawa?”

Ta ce, “Yana ajiyewa, Baba. Na Ummussalma yana nan. Biyu ne, na asibiti da na nan gidan.”

Na ce, “Mutum zai iya ji?”

Ta ciro wasu 'yan igiyoyi ta toshe mini kunnuwa da su. Ta danna. Na ji dum, dum, zuciyar nan da na sani. Na ce ai ga shi, babu komai. Ta ƙara murya. Na ce babu. Ta ƙara. Ta ƙara har ta ce, “Baba, nan ne ƙarshe.”

Sai ga shi.

Siriri ne. Kamar iska ta sami tsagaggen kara a cikin kacalla. Duk fitar numfashi sai ya zo, ya ja, ya tsaya kamar zai bari, ya sake zuwa. Can a baya na ji wani tsoho yana tari, yana cewa a yi sauri. Muryata ce. Ina zaune kusa da ita ke nan.

Na ce, “Na yaushe ne wannan?”

“Na ranar Talatar da na zo, Baba.”

“Kowa na jin sa ba sai da abin nan ba?”

Ta ce, “Wani lokaci ba a ji sai da shi. Wannan kam mai kunne zai ji.” Sai ta kama bakinta. Ta ce in an girma, siririn sauti ne yake fara tafiya, kauri ya daɗe, shi ya sa mutum ba ya gane ya rasa. Ta ce ba laifi ba ne, shekaru ne.

Na ce, “Da an kai ta Litinin?”

Ta ce, “Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Akwai wanda ake kaiwa da wuri ya tafi, akwai wanda ake kaiwa a makare ya tashi. Ba zan yi maka ƙarya ta kowane ɓangare ba.”

Na sa ta mayar sau huɗu. Numfashin Amarya ne, ba ni da wani.

Bushira ta fito da ruwan sha, ta durƙusa ta ajiye. Na zare igiyar daga kunnena na miƙa mata. Ban taɓa miƙa mata wani abu hannu da hannu ba. Na ce, “'Yar nan, zo ki ji.”

Ba ta karɓa ba. Ta ɗaga murya, karo na farko tun zuwanta gidan nan, har na ji kowace kalma.

“Ni na ji, Baba. Tun daren farko nake ji.”

Ta ɗauki farantin ta koma.

Talata, 16 ga Rabi'ul Awwal, gari ya waye

Na tsoma filafili, na kafa kunne a ƙota. Badaru na gefe. Na ce kurungu sun tashi daga nan.

Ya ce, “Kolo.”

Na tambaye shi ko tsuntsaye na kuka bana. Ya ce kamar kullum.

Shekara nawa ke nan? Jariri nawa? Na ɗauko tsohon littafi, na duba shafin tudu na shekara biyar baya. Akwai ƙanana huɗu da na ce ba sanyi ba ne. Ban sani ba. Ita ma ta ce ba ta sani ba. Na rufe.

Alhamis, 18 ga Rabi'ul Awwal, azahar

Na rushe murhun. Safiyanu ya zo ya kama mini kwasar ƙasa.

Bushira yanzu da ƙarfi take gaishe ni. Ina kwana, Baba. Ga ruwa, Baba. Ina jin komai. Na fi son muryarta ta da.

Asabar, 20 ga Rabi'ul Awwal, magariba

Da hantsi Suwaiba matar Shu'ibu maƙeri ta shigo da ɗanta, wata uku, yana tari. Ta kwance shi ta ɗora mini a cinya yadda uwarta ta ɗora mini ita. Ta ce, “Baba Kolo, saurara mini.”

Hannuna ya riga ni, ya ɗaga rigar. Na sa kunne. Ɗumi, da ƙamshin nono, da gangar nan. Ban ji komai ba.

Ta ce, “Lafiya ko, Baba?”

Na ce, “Ban sani ba, Suwaiba. Kunnen ya mutu. Ya daɗe da mutuwa, ni ne ban yi masa jana'iza ba.”

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Na shiga na ɗauko filafili. Na ce, “Goya shi. Sanyi a kan ruwa.” Yaron ba shi da hula, na ciro ta aljihuna na sa masa. Ta yi masa daidai.

A asibitin bakin titi Malama ta ɗora ƙwan agwagwa, rabin minti. Ja ya kawo. Ta ce an zo da wuri, ta ba da magani, ta ce a dawo jibi. Suwaiba ta dube ni. Na dubi tagar.

Malama ta ce in da za ta san jariran da ke garinmu, da ta saurare su duka kafin ruwa ya janye, amma ba ta da sunayensu. Na ce ni ina da su. Na ce uku-uku kwalekwalen zai ɗauka, in fara gobe.

Yanzu na gama fitar da su a sabon shafi, daga watan Shawwal na bara zuwa yau, kowa da sunan uwarsa. Goma sha ɗaya.

Sau biyu na ƙirga, hannuna na zuwa goma sha biyu. Sai na juya shafin tudu. Alƙalamin ya yarda. Ummussalma 'yar Safiyanu, wata huɗu da kwana goma sha tara. A gefe, inda nake rubuta ciwon da ya ɗauki mutum, na rubuta: ta yi ta kira, angonta bai ji ba.